Yadda ake samun gurbin karatun zane da ƙira a jami'o'in Najeriya, da yadda ake riƙe shi har a gama

Karatun zane da ƙira a jami'a ƙofa biyu gare shi. Ta farko takarda ce ke buɗe ta: kiredit biyar, darussan JAMB da suka dace da kwas ɗin, maki, da amsa gurbi a kan lokaci. A wannan ƙofa da wuya a tambaye ka ko ka iya riƙe fensir. Ta biyu kuwa hannu ne ke buɗe ta, a situdiyo, wato ɗakin aikin hannu na sashe, mako bayan mako, har shekara huɗu ko biyar. Yaro mai baiwar zane yakan maƙale a ta farko saboda darasi ɗaya da bai rubuta ba, shi kuma gwanin hadda yakan wuce ta cikin sauƙi sannan ya sha wuya a ta biyu. Don haka shirin kowacce daban ne, kuma tun daga aji huɗu na sakandare ya kamata a fara.

Ka fara sanin kwas ɗin da kake nema

Mutane sukan ce "yana karatun zane" su haɗa abu uku da ba ɗaya ba ne. Akwai zane-zane na zalla, wato fenti da sassaƙa. Akwai tsara gine-gine. Akwai kuma ƙirar kayan amfani, wanda a jerin kwasa-kwasan JAMB za ka same shi da sunan Industrial Design, shi ne kuma wannan bayani ya fi karkata gare shi.

A Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya duka ukun suna harabar Samaru, kowane da sashensa. Sashen ƙira yana da rassa: tukwane da sauran kayan yumɓu, saƙa da rini da buga ado a yadi, sai zanen ɗab'i da talla wanda ɗalibai ke kira girafik. Gilashi ya daɗe a matsayin reshe a cikinsa kafin ya zama sashe mai cin gashin kansa. A nan karatun shekara huɗu ne. Jami'o'in da aka kafa don fasaha, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Akure, suna ba da wannan kwas a shekara biyar, kuma sun fi matsa wa kimiyya. Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola ita ma tana da sashen.

Wannan bambanci shi ne tushen kuskuren da ya fi yawa. Sunan kwas ɗaya ne, amma sharuɗɗan ba ɗaya ba ne daga jami'a zuwa jami'a.

Abu ɗaya kuma da ya kamata a faɗa a fili: a shekarar farko akan koyar da zanen siffar mutum a yawancin waɗannan sassa. Wanda wannan ya dame shi ta fuskar addini, ya tambayi malamansa, ya kuma je sashen ya ji yadda ake yi, tun kafin ya sayi fom. Rassan rini da tukwane da tsara gine-gine sun fi nisa da siffofi idan an yi gaba, amma darasin farko na kowa da kowa ne. Gara a san haka tun ana gida da a sani bayan an biya kuɗin rijista.

Mataki na 1: kiredit biyar, amma waɗanne biyar?

Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, ba uku ba. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ci ne, amma ba a lissafa su. Turanci dole ne ya kasance cikin biyar ɗin, haka ma lissafi ga mai neman ƙira ko tsara gine-gine. Ragowar ukun su ne ake yin sakaci da su.

Mai son tsara gine-gine ba shi da makawa sai da fiziks. Mai son ƙira a jami'ar fasaha ya sa ran za a nemi kemistiri ko fiziks, domin yumɓu da ruwan ƙyallin da ake shafa wa tukwane da sinadarin rini duk lissafin sinadarai ne. Mai son zane na zalla ko girafik, darasin zane na sakandare ne ke ba shi ƙarfi. Matsalar ita ce makarantu da yawa a Arewa ba su da malamin zane, don haka ɗalibi ya gama aji shida bai taɓa zama jarrabawarsa ba. Idan haka ta same ka, hanya biyu ce: ka duba ko jami'ar tana karɓar zanen fasaha na injiniya ko wani darasin kimiyya a madadinsa, ko kuma ka yi rijistar jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara ka rubuta zanen, ya zama zamanka na biyu.

Amsar tana cikin kundin sharuɗɗa na JAMB, wanda ke shafinsu na intanet a ƙarƙashin IBASS. Ka zaɓi jami'a, ka zaɓi kwas, ka karanta layin "sharuɗɗa na musamman" na wannan jami'ar har ƙarshe. Kada ka dogara da abin da yayanka ya yi shekara biyar baya, ko abin da mai shagon kwamfuta ya ce.

Mataki na 2: rijistar JAMB

Sai kana da lambar NIN, kuma shekarunka su kai 16 a lokacin shiga. Ka tura kalmar NIN, ka bar tazara, ka sa lambar mai alƙaluma 11, zuwa 55019 ko 66019 daga layin wayarka. Za a aiko maka da lambar sirri wadda da ita za ka sayi fom. Layin nan ka riƙe shi kamar takardar haihuwa. Kada ya zama na wani, kada kuma ka bari a toshe shi, domin duk saƙon JAMB ta nan zai biyo har ranar da za ka tafi bautar ƙasa.

Kafin komai, ka jera takardu uku a gabanka: katin NIN, sakamakon sakandare, da takardar haihuwa. Suna da ranar haihuwa su zo daidai harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan mahaifi ya koma tsakiya a takarda ɗaya, ƙaramin abu ne a ido amma yakan tsayar da mutum a wajen tantancewa bayan ya riga ya samu gurbi.

Jarrabawar darussa huɗu ce, Turanci da wasu uku, tambaya 180 a cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 ga kowane darasi, jimillar maki 400. Ga tsara gine-gine, fiziks da lissafi ne, sai ɗaya daga cikin kemistiri, jogirafi, zane, bayoloji ko tattalin arziki. Ga ƙira, ka bi abin da jami'ar da ka zaɓa ta rubuta. Wanda ya ci 280 da darussan da ba su dace ba, na'ura ce za ta ture shi gefe kafin wani malami ya ga sunansa, alhali mai 200 da darussa daidai yana cikin layi.

Jami'ar da kake so da gaske ka sa ta zaɓi na farko. Manyan jami'o'i ba sa waiwayar wanda ya sa su na biyu.

Mataki na 3: bayan sakamako ya fito

JAMB da shugabannin makarantu sukan zauna kowace shekara su tsayar da mafi ƙarancin maki. A 2024 an sa 140 ga jami'o'i, a 2025 aka sa 150. Wannan ƙasan rijiya ne kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, ABU ta sha tsayar da nata a 180, sannan kowane sashe yana da layinsa gwargwadon yawan masu nema. Tsara gine-gine kullum cunkoso ne. Ƙira ta fi shi sarari, shi ya sa wasu da suka rasa gine-gine ake tura su can. Idan kai ne, ka karɓa da zuciya ɗaya ko ka bari, domin situdiyo ba ta ɗaukar mai rabin zuciya.

Daga nan sai tantancewar jami'a. Wasu suna yin jarrabawa a kwamfuta, wasu suna haɗa makin JAMB da sakamakon sakandare kawai. Wata hanya da ta yaɗu ita ce a raba makin JAMB da 8 ya zama kashi 50, wato mai 240 yana da 30, sauran 50 kuma su fito daga jarrabawar jami'a ko darajar kiredit. A irin wannan lissafi B3 ta fi C6 nauyi, don haka "na dai samu kiredit" ba ta isa ba. Jami'o'in tarayya kuma suna raba gurabe uku: kashi 45 don cancanta, 35 don jihohin da ke yankin jami'ar, 20 don jihohin da ke baya a ilimin boko.

Abu biyu ne suka fi cinye gurbin mutum a wannan mataki, kuma dukansu sakaci ne.

Na ɗaya, rashin ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB. Wanda ya yi rijista yana jiran sakamako, dole ya koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora masa bayan ya fito. Ɗora shi a shafin jami'a bai wadatar ba. Bayan an ɗora, ka shiga shafinka da kanka ka gan shi da idonka.

Na biyu, rashin duba CAPS, wato tsarin da JAMB ke ba da gurbi ta cikinsa tun 2017. Idan jami'a ta ba ka gurbi zai bayyana a can, kai kuma sai ka danna amincewa cikin wa'adi, sannan ka buga takardar shaidar gurbi ta JAMB. Idan an sauya maka kwas, a nan ma za ka ga tayin, sai ka yarda kafin ya tabbata. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ko wa ya yi maka hanyarsa, ka guje shi. Sunanka ba zai shiga jerin ɗaliban da JAMB ta sani ba, kuma ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa za ka gane tsadar wannan.

Hanyar shiga aji biyu kai tsaye

Mai difloma ta ƙasa daga kwalejin fasaha, ko NCE, ko shaidar karatun share fagen shiga jami'a ta IJMB wadda ABU ke kula da ita, ko ta JUPEB, yana iya sayen fom ɗin shiga kai tsaye daga JAMB ya fara daga aji biyu. Sharaɗin kiredit biyar na sakandare yana nan bai faɗi ba, kuma takardar dole ta kasance a fannin da ya danganci kwas ɗin, da darajar da jami'ar ta ƙayyade. JAMB tana tabbatar da takardar daga makarantar da ta bayar, don haka ka bi sawun makarantarka ka ga ta amsa.

A ganinmu wannan hanya ta fi dacewa da mai difloma ko NCE a zane, domin ya zo da hannu a sake. Wanda ya biyo ta IJMB yakan iske abokan ajinsa sun shekara suna zane kullum, shi kuwa bai taɓa ɗaura takarda a allo ba. Idan kai ne, ka ba wa watannin jiran gurbi haƙƙinsu.

Jakar ayyuka

Ba kowace jami'a ke neman ganin ayyukanka kafin ta ɗauke ka ba, amma wasu sassa suna yin gwajin zane ko hira, musamman ga masu shiga kai tsaye. Ko ba a nema ba, haɗa ta shi ne shirin ƙofa ta biyu.

Aiki 12 zuwa 15 sun isa, a takarda A3 ko A2. Fiye da rabi su zama abin da ka zana kana kallonsa a gabanka: buta da kwano a kan tabarma, takalmi, keken ɗinki, hannunka na hagu, zauren gidanku daga ciki. Ka nuna inda haske ya faɗo da inda inuwa ta kwanta. Malami yana gane zanen da aka kwafa daga hoton waya da kallo ɗaya, domin a shimfiɗe yake, ba shi da nauyi. Ka sa aiki biyu ko uku na launi, da aƙalla ɗaya da ke nuna tafiyar tunani daga farko zuwa ƙarshe: misali ka ɗauki dagi ko adon aska takwas na babbar riga, ka zana shi yadda yake, ka sauƙaƙa shi mataki huɗu, har ya zama adon da za a iya maimaitawa a yadi ko tambarin shago. Ka rubuta kwanan wata a bayan kowane aiki. Kada ka naɗe su kamar tabarma, ka sa su tsakanin kwali biyu masu tauri.

Kayan farawa ba su da yawa: allon zane mai ɗaukar A2, rula mai kan T, rulolin kusurwa na 45 da na 30 da 60, fensir HB da 2B da 4B da 6B, magogi mai laushi, wuƙar yankan takarda, fentin ruwa da burushi uku, da littafin zane da zai shiga jaka. Kwamfuta tana iya jira zuwa aji biyu. Idan kuma kana yawan rikita ja da kore, ka je asibitin ido a gwada ka kafin ka zaɓi reshen rini ko girafik.

Mataki na 4: rijistar kwasa-kwasai

An shiga. Yanzu ma'aunin ya koma yunit. Kowane kwas yana da nauyinsa, yunit 1, 2, 3 ko fiye. A ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ɗalibi yana ɗaukar yunit 15 zuwa 24 a zangon karatu, kuma yana buƙatar aƙalla 120 kafin ya gama digiri na shekara huɗu, 150 ga na shekara biyar. Kwasa-kwasan iri uku ne: na dole, na zaɓi, da na gama-gari irin su Turanci da sana'o'in dogaro da kai, waɗanda kowane ɗalibin jami'a ke yi. Na gama-garin nan ɗaliban zane sukan raina su, su kuma riƙe mutum shekara guda bayan abokansa sun tafi.

Kafin ka rufe rijista a intanet ka kai wa malamin da ke kula da ajinku ya duba. Ka buga takardar, a sa hannu, ka ajiye kwafi. Kwas ɗin da ka yi rijista ba ka zauna jarrabawarsa ba, F ne. Wanda ka zauna ba ka yi rijista ba, babu shi. Idan kana da kwas da ka faɗi a baya, shi ake fara sakawa kafin sababbi, kuma yana cin gurbi a cikin 24 ɗin nan. Sai ka halarci kashi 75 na darasi kafin a bar ka ka zauna jarrabawa.

Mataki na 5: ka iya lissafin makinka da kanka

Maki 70 zuwa 100 A ne, daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B, 4. Daga 50 zuwa 59 C, 3. Daga 45 zuwa 49 D, 2. Daga 40 zuwa 44 E, 1. Ƙasa da 40 F, sifili. Ana ninka daraja da yunit na kowane kwas, a tara, a raba da jimillar yunit da aka yi rijista.

Ga misali na zango ɗaya. Situdiyon ƙira yunit 4, an samu C, 12 ke nan. Zanen hannu yunit 3, B, 12. Tarihin fasaha yunit 2, A, 10. Turanci yunit 2, A, 10. Lissafi yunit 3, D, 6. Kwamfuta yunit 2, B, 8. Jimilla 58 a kan yunit 16, wato 3.63.

Yanzu a ce situdiyon nan ɗaya aka faɗi, sauran duk suna nan yadda suke. Jimilla ta koma 46 a kan 16, wato 2.88. Baɗi aka maimaita aka ci A, aka ƙara 20. A yawancin jami'o'i F ɗin farko ba ya gogewa, ana ƙirga yunit ɗin sau biyu, don haka 66 ne a kan 20, wato 3.30. Ka lura da kyau: wanda ya samu C a karon farko ya fi wanda ya faɗi sannan ya dawo ya ci A.

Darajar digiri daga matsakaicin dukan shekaru take fitowa, wanda ake kira CGPA. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba. Daga 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama. Daga 1.50 zuwa 2.39 ta uku. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da 1.00 a ƙarshen shekara, a wasu jami'o'in 1.50, ana sa shi a matakin gargaɗi na shekara guda. Idan bai farfaɗo ba, sai sallama ko shawarar sauya kwas. Akwai kuma iyakar zama: mai digirin shekara huɗu ba ya wuce shida. Adadin da ya shafe ka yana cikin littafin ɗalibai na sashenku, ka karanta shi a makon farko.

Shekarar farko ita ce mafi arhar wajen tara maki. A aji huɗu yunit sun riga sun taru da yawa, A biyar ma da ƙyar suke motsa lissafin.

Mataki na 6: situdiyo

A nan ne karatun ƙira ya rabu da sauran. A kwas na lacca, aikin cikin zango kashi 30 ko 40 ne, jarrabawa ta ɗauki saura, don haka mai ƙoƙarin mako biyun ƙarshe yana iya tsira. A situdiyo makin yana taruwa ne daga ayyukan da aka miƙa ɗaya bayan ɗaya, kuma malami yana so ya ga aikin yana girma a gabansa. Wanda ya ɓace mako biyar ya dawo da kyakkyawan aiki gamamme, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ya yi masa. Ka riƙa kai zanen gwaji ana gyara maka, a sa hannu da kwanan wata, ka ajiye har waɗanda aka soke. Su ne shaidarka.

Sannan kwasa-kwasan situdiyo sarƙa ne. Na aji biyu sharaɗi ne ga na aji uku, kuma sau ɗaya ake ba da kowanne a shekara. Faɗuwa ɗaya tana iya zama ƙarin shekara cur, ko da sauran makinka duk A ne.

Ƙarshen zango akan kafe ayyuka a bango ko a jera su a tebur, malamai su zagayo, ɗalibi ya tsaya ya kare aikinsa. Ɗalibai suna kiran wannan juri. Minti biyar zuwa goma ne, ka shirya amsar abu huɗu: wace matsala aikin ke warwarewa, don wa aka yi shi, me ya sa ka zaɓi wannan kaya da wannan launi, nawa zai ci idan za a yi guda ɗari. Idan an soki aikin ka rubuta abin da aka ce, kada ka yi musu.

Zaɓen reshe yakan zo bayan an ɗanɗana kowanne, kuma sashe yana duba makinka a reshen da yawan wurin aiki. Kowane reshe da inda yake kayar da mutum, kuma kusan kullum lokaci ne.

A tukwane, yumɓu ba ya karɓar gaggawa. Sai an cuɗa shi sosai an fitar da iska. Sai tukunya ta bushe ƙarau a inuwa, mako ɗaya zuwa biyu gwargwadon kauri da yanayi, kafin gashin farko a zafi kusan 900 zuwa 1,000 a ma'aunin Salsiyas. Wadda ta shiga wuta da damshi a cikinta, ruwan zai zama tururi ya fasa ta, ya kuma lalata na maƙwabta. A lokacin hunturu matsalar ta juye: baki da hannu suna riga gindi bushewa sai su tsage, don haka a lulluɓe da leda a bar ta ta bushe a hankali. Gashi na biyu, na ruwan ƙyalli, yana kaiwa 1,200 zuwa sama ga kaya masu tauri, kuma yumɓu yana raguwa da wajen kashi 10 zuwa 12 daga ɗanye zuwa gasasshe. Wanda aka ce ya yi kofi mai tsawon santimita 10, ya gina shi 11 da ɗoriya. Ka goge ruwan ƙyalli daga gindin tukunya, in ba haka ba za ta manne da shimfiɗar murhu. Murhun kuma layi ake bi, ba a kunna shi don mutum ɗaya. Ka ƙirga kwanaki daga ranar juri ka dawo baya, za ka ga aikin mako shida ne. Wanda yake ganin ginin tukunya ƙaramar sana'a ce ya dubi bayan takardar naira 20: Ladi Kwali ce, wadda ABU ta ba digirin girmamawa a 1977.

A rini da buga yadi, yadin da ba a wanke an cire masa sitaci ba ba ya shan launi daidai. Yadin roba kuma ba ya karɓar rinin da aka yi don auduga, don haka ka ƙona ɗan zare ka gani: auduga toka take zama, roba dunƙulewa take. Ka gwada kowane haɗin launi a ƙyalle, ka rubuta awon da ka zuba, domin launin da aka haɗa da ido ba ya dawowa sau biyu. A bugu da allon siliki, idan alamomin daidaito suka goce da milimita biyu, adon yadi biyar zai fito a karkace. Yini guda a marinar Ƙofar Mata a Kano, ana kallon yadda yadi ke fitowa kore daga karofi iska ta mayar da shi shuɗi, ya fi lacca uku a kan baba.

A girafik, abin da ke haske a fuskar kwamfuta ba shi ke fitowa a takarda ba. Ka yi aikin ɗab'i a tsarin launi na CMYK, wato na tawadar injin bugu, tun farko, hotuna a ɗigo 300 a inci, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka. Ka mayar da rubutu zane kafin ka kai maɗaba'a, musamman idan akwai ɓ da ɗ da ƙ, domin kwamfutar da ba ta da irin harafinka za ta mayar da su akwatuna. Ka ajiye aiki wuri biyu. "Filashina ya lalace" ba uzuri ba ne a gaban juri.

Kuɗin kayan aiki ya kamata iyaye su sani tun farko: ban da kuɗin makaranta, kowane aiki yana cin takarda, fenti, yadi ko bugu. Ɗalibai sukan haɗa kuɗi su sayo da yawa a sari, ya fi sauƙi. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makarantun gwamnati kuma yana ba da ɗan kuɗin kashewa.

Mataki na 7: koyon aiki, firojet, da fita

Kafin shekarar ƙarshe akwai SIWES, koyon aiki a masana'anta, yawanci wata shida, ƙarƙashin kulawar ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu. Kwas ne mai yunit masu nauyi. Ka nemi wuri tun zango ɗaya kafin lokaci, kuma wurin da ake yin aikin reshenka: maɗaba'a, kamfanin talla, wurin ɗinki da buga yadi, masana'antar tayil ko tukwane. Littafin rahoto kullum ake cika shi, da zane, mai kula da kai ya sa hannu duk mako. Wanda aka cika a dare ɗaya da biro ɗaya ana gane shi. Malami zai iya zuwa dubawa ba sanarwa.

Firojet na ƙarshe kashi biyu ne, rubutaccen kundi da aikin hannu da za a baje, kuma malami daga wata jami'a yana zuwa ya duba. Ka zaɓi batun da kayan aikinsa suna samuwa a inda kake, kuma aljihunka zai ɗauka. Ka ɗauki hoton kowane mataki, domin babi na huɗu da su ake rubuta shi.

Tun farkon shekarar ƙarshe ka je wajen jami'in jarrabawa na sashe ku bi sakamakonka tun daga aji ɗaya, kwas bayan kwas. Makin da ya ɓace, ko kwas na zaɓi da yunit ɗinsa bai cika ba, a wannan lokaci ana iya gyara shi. Idan sai bayan an kai sakamako majalisar jami'a aka gano, ƙarin zango ne. Ka kuma duba sunanka a jerin ɗalibai na JAMB, ka tabbata kwas da jami'ar da ke rubuce a can su ne waɗanda kake gamawa, musamman idan ka sauya sashe a hanya. Wanda ya gama yana ƙasa da shekara 30 zai tafi bautar ƙasa, wanda ya haura za a ba shi takardar yafewa. Mai karatun tsara gine-gine kuma digirin farko rabin hanya ne: akwai digiri na biyu na shekara biyu, da aiki a ƙarƙashin ƙwararre, da jarrabawar ƙwarewa, kafin ARCON, hukumar rijistar masu tsara gine-gine, ta yi masa rijista ya fara sa hatiminsa a zanen gini.